Dutsen da ke ƙarƙashin Kano

Yawancin Jihar Kano tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500. Wannan dutse ba ya shan ruwa, sai dai ruwan ya taru a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa rijiyar burtsatsen wani take tumbatsa, ta maƙwabcinsa kuwa ta ƙafe. Wasu na cewa awon ƙasa kafin haƙa rijiya ɓarnar kuɗi ne, ai tsofaffin mahaƙa sun san wuri. Lallai sun san ƙasar sama, amma idonsu ba ya kaiwa tsagar da ke can ƙasa, kuma asarar busasshiyar rijiya ta fi kuɗin awo nesa. Masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi, ku kira masana duwatsu su auna kafin a kawo injin haƙa.