Kiɗa ya fi ƙarfin muryarka? Nemi fayil ɗin MIDI

Daga nan Darki nake magana, ƙaramar hukumar Wudil. Yau zancen na mawaƙa ne, amma ko ba ka waƙa ka tsaya, don na tabbata kana da ƙane ko ƙanwa da ke yi, ko na yabon Manzon Allah, ko na walimar Islamiyya, ko na biki.

Ga abin da ke faruwa da yaranmu. Yaro zai tara kuɗi, ya hau mota daga Darki ya ratsa Wudil ya shiga Kano, ya je situdiyo a wajen Zoo Road. Mai kiɗa ya riga ya haɗa kiɗan, ko ma tsohon kiɗa ne da aka yi wa wani. A ce masa shiga ka hau. Da ya zo amshi sai muryar ta ƙi kaiwa sama, jijiyar wuya ta miƙe, sautin ya fashe. A maimaita, a sake maimaitawa, lokacinsa na tafiya. Ƙarshe a zuba masa Auto-Tune har muryar ta koma kamar ta na'ura, ya dawo gida da maƙogwaro a dishe da tunanin cewa shi ba shi da murya. Alhali yana da ita. Kiɗan ne aka ɗora a matakin da ba nasa ba, abin da 'yan situdiyo ke ce wa kii. Kuma gyaran wannan, wallahi, bai kai minti biyar ba, in dai akwai fayil ɗin MIDI.

To mene ne MIDI? Abu na farko, babu sauti a cikinsa. Mp3 ɗin da ke wayarka sauti ne da aka naɗa, kamar tuwon da aka riga aka tuƙa. Shi kuwa MIDI umarni ne a rubuce: danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, ka riƙe shi na tsawon lokaci kaza, ka saki. Kowane maɓallin fiyano yana da lamba, daga 0 zuwa 127, kuma C ta tsakiya ita ce 60. Tun 1983 aka fito da tsarin, don kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna. Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan su ne kan gaba, har aka ba su kyautar Grammy a 2013 saboda wannan aiki.

Tunda lambobi ne, sauke kiɗa lissafi ne na 'yan firamare. Ka cire uku daga kowace lamba, kiɗan gaba ɗaya ya sauko da maɓalli uku, amma karin bai canza ba, saurin bai canza ba. Wannan yana da muhimmanci a gare mu musamman, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma tazarar da ke tsakanin sautukan tana nan yadda take, kalmominka ba za su karkace ba. In ka gwada yin haka da mp3, maɓalli ɗaya ko biyu ƙila ka sha, amma da ka matsa sai ganga ta yi laushi, kiɗan ya fara rawa kamar tsohon kaset.

Ku tuna fa, a da makaɗi ne ke bin mawaƙi. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, masu kalangunsa suna tsaye a bayansa suna sauraron muryarsa, kuma shi kalangu matse shi ake yi a hammata sautinsa ya hau ko ya sauka nan take. Ɗan Maraya Jos da hannunsa yake kaɗa kuntiginsa. Da fiyano samfurin Yamaha PSR ta shigo situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kai, sai aka koma haɗa kiɗa tukuna, mawaƙi ya zo ya hau daga baya. Ga kuma kunnenmu da ya saba da waƙoƙin Indiya, inda irin su Lata Mangeshkar ke rerawa can sama. Sai muka ɗauka haka muryar mace take, kowace yarinya sai ta tsuke murya ta haura. Ba kowace ce Allah Ya yi wa wannan maƙogwaron ba, kuma ni a ganina muryoyi masu kauri da daɗi da yawa mun rasa su a haka.

Yawwa, mu shiga aiki. Akwai manhaja mai suna MuseScore, kyauta ce, ana sauke ta a kwamfuta, kuma ta huɗu ta fito a Disambar 2022. Aikinta rubuta kiɗa a kan layuka biyar-biyar irin na littafin kiɗa. Kar wannan ya tsorata ka, ba sai ka iya karanta rubutun ba. Ɗigon da ke sama sauti ne mai tsini, na ƙasa mai kauri, wannan ya ishe ka yau.

Kafin ka taɓa kwamfuta, auna muryarka. Ka samu fiyano, ko ta cikin waya ma ta yi. Ka fara daga tsakiya kana cewa "aaa", kana sauka maɓalli-maɓalli har inda muryar ta fara ɓacewa, ka rubuta. Ka sake hawa har inda ka fara jin matsi. Inda ka fara jin matsi na ce, ba inda ka kai da ƙyar ba, don waƙar minti biyar ba gasar ihu ba ce. Kuma kar ka auna daga farkawa barci, murya tana ƙasa a lokacin.

Sai ka buɗe MuseScore, ka shiga File, ka danna Open, ka zaɓi fayil ɗin. Za ta baje maka kowane kayan kiɗa a layinsa. Nemo layin da ke ɗauke da karin waƙar, ka duba sautin da ya fi kowanne tsini. A ce ya kai 76, ke kuma ƙanwata a 73 muryarki ke tsayawa cikin natsuwa. Bambancin uku ne. Ki zaɓi kiɗan, ki shiga Tools, ki danna Transpose, ki sauke shi da maɓalli uku, ana ƙirgawa har da baƙaƙen. Sai ki duba ƙasa kuma, kar a gudu daga rana a faɗa wuta: in sautin da ya fi kauri ya faɗi ƙasa da inda kike kaiwa, ki mayar da ɗaya ki gwada biyu. Wani abin da nake so da manhajar, in ka gaya mata layin na murya ne, mace ko namiji, duk sautin da ya wuce iyakar irin wannan muryar sai ta canza masa launi, ka gan shi da ido kafin ka ji shi a wuya.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami, ku saurara da kyau. MIDI yana da tashoshi 16, kuma a tsarin da ake kira General MIDI, na 1991, tasha ta 10 ta ganguna ce. A wannan tasha lamba ba tsinin sauti take nufi ba, kowace lamba ganga ce daban. 36 ita ce babbar ganga mai dukan ƙirji, 38 ƙarama mai amo, 39 tafi. Kun ga in ka ɗaga komai da uku har da ita, duk inda babbar ganga za ta buga sai ka ji tafi. Don haka a kowace manhaja kake aiki, ko MuseScore ko FL Studio da yawancin situdiyoyinmu ke amfani da ita, ka tabbata ganguna suna nan inda suke.

Wani lokaci za ka buɗe fayil ka ga rubutun ya cakuɗe kamar kaji sun yi tono. Mai kiɗan ne ya buga da hannu, yatsa kuma ba agogo ba ne, manhajar tana ƙoƙarin rubuta kowane ɗan jinkiri. Ba lalacewa ya yi ba, kunna ka ji. Sannan sautin da zai fito ba zai yi daɗin na situdiyo ba, tunda umarni kawai ka ɗauko, ita manhajar da nata kayan take bugawa. Kalangu da goge kuwa, masu zamewa tsakanin sautuka, rubutun ba ya kama su da kyau. Amma kai ba album kake haɗawa ba. Lamba kake nema. Ka fitar da shi a mp3, ka yi atisaye kwana uku a gida, ranar da za ka Kano ka ce wa mai kiɗa: yayana, a sauke min da uku. Ita kanta fiyanon Yamaha tana da wurin Transpose a jikinta.

Malaman Islamiyya, ku ma abin ya shafe ku. Yaron da ya ja baiti bara, bana muryarsa ta fashe, ba korar sa za a yi daga sahu ba, kiɗan za a sauke. In mace da namiji ne ke waƙa tare, a auna su biyun, a nemi matakin da kowa zai numfasa.

Saura babbar magana: samun fayil ɗin. Na raka wani ƙanena wani situdiyo, ya biya kuɗin kiɗa cif, da ya nemi MIDI aka ce ba a bayarwa. Na fahimci tsoron, mai kiɗa yana gudun a ɗauki guminsa a kai wa wani ya ƙarasa a araha, kuma ana yin hakan. Shi ya sa nake cewa ku yi maganar tun kafin kuɗi ya fita daga aljihu. In ba zai ba da duka ba, ya ba da layin karin kaɗai, wannan ma ya isa a auna murya. Fayil ɗin ƙarami ne sosai, ta WhatsApp za a turo maka. Waɗanda ke sauko da MIDI na waƙar wani daga intanet kuma, ku sani sauke ta da maɓalli uku bai mayar da ita taku ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ko ba doka, akwai Allah.

Kwamfuta ce matsalar, na sani, ba kowane gida a Darki ke da ita ba. Amma muna da yayye da ƙanne a jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, da yawansu da laftof a jaka. Mutum ɗaya ya sauke manhajar, ba ta buƙatar data bayan nan. Ni tawa tana nan, duk Asabar bayan La'asar. Wanda zai zo ya taho da fayil ɗinsa a filashi ko a waya, da lambobinsa biyu a rubuce, ta sama da ta ƙasa.