LODIN MOTA DA LODIN SAƘO: JAWABI A TARON TSOFAFFIN ƊALIBAI



An nemi in yi bayanin aikin da nake yi, wanda har gobe wasu abokaina ke kira "gyaran waya". To, ba zan kai ku nesa ba, mu tsaya a tashar motar Talata Mafara.

Duk saƙon da ka aika ta intanet ba ya tafiya a dunƙule. Daddatsa shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane da adireshinsa. A hanya akwai mararraba inda ake duba adireshin a ce wannan ya bi nan, wancan ya bi can. A da, na'ura ta musamman ke wannan rabo. Yanzu kuwa sau da yawa manhaja ce a cikin kwamfuta, kamar Open vSwitch, wadda aka fitar a Amurka a 2009. Ita ce ɗan kamashon tashar.

Ga inda gizo ke saƙar. Layi mai gudun gigabit 10 yana iya kwararo ƙananan ƙunshi kusan miliyan 15 a sakan guda. Ku ɗauka direba ne ke tashi zuwa Bakura da fasinja ɗaya tak, ya dawo ya ɗauki wani. Mai zai ƙare, aiki bai ci gaba ba. Saboda haka sai aka koma lodi. Idan aka haɗa Open vSwitch da DPDK, wanda kamfanin Intel ya faro, tana kwasar har ƙunshi 32 a tashi ɗaya, ta ware na Bakura gefe, na Maradun gefe, na Gusau gefe, sannan ta sallami kowane rukuni gaba ɗaya. Wata manhajar, VPP, wadda Cisco ya saki ga jama'a a 2016, tana kwasar har 256.

Na san wani zai ce, to a ƙara lodin mana! Nima haka na zata da farko. Amma jama'a, taura biyu ba ta taunuwa. Na farko, ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da 'yar ma'ajiya ta kusa mai matuƙar sauri, amma ƙarama ce. In lodi ya fi ƙarfinta, sai a dinga zirga-zirga zuwa babbar ma'ajiya, ribar ta zube. Na biyu, in fasinjojin nan kowa garinsa daban, yawansu ba ya rage wahalar rabo sosai. Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne jira. Wanenmu bai taɓa shiga mota da hantsi ba, ya zauna har azahar ana jiran cikon mutum biyu? Haka muryarka ke yankewa a waya in aka tsare ƙunshi ana jiran cika. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a kwashi abin da ya samu a tashi. In tasha ta cika, lodi ya yi yawa da kansa. In babu kowa, ko mutum ɗaya ne a wuce da shi.

Mu mutanen Zamfara mun san darajar wannan hanya. A Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, ɗan kasuwa ya kasa tura kuɗi, uwa ta kasa jin muryar ɗanta.

Don haka roƙona ga ƙungiya shi ne mu tallafa wa ƙannenmu a darasin lissafi. Duk abin nan da na faɗa, tushensa rabawa da ninkawa ne, waɗanda malamanmu suka koya mana da alli a allo.