Garkar gida da ƙwarin da ke cinta: jawabi ga iyaye mata da masu faɗakarwa na gari



A zagayen da muka yi cikin makonnin nan na shiga gidaje da dama, na ga abin da ya faranta mini rai: zogala a bayan ɗaki, yakuwa da alayyafo kusa da randa, kabewa ta hau darni, wata ma ta shuka tumatir cikin tsohon buhu don gidanta ba fili. Amma na ga abu ɗaya da ya hana ni barci. A wani gida na tarar da ƙaramar kwalbar piya-piya a gindin zogala, uwar gida ta ce jiya da marece ta yayyafa saboda tsutsa, kuma ga ganyen nan a ƙwarya ta tsinko za ta yi wa ɗanta mai wata 10 miya. Ba sakaci ta yi ba, so take ta ceci garkarta. Shi ya sa yau a kan ƙwari zan yi magana.

Ku fara tuna dalilin da ya sa muke wahalar ban ruwa. Daga wata 6, nonon uwa kaɗai ba ya isar yaro, ko da yake ana ci gaba da ba shi har shekara 2. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke aiki da ita ta kasa abincin yaro gida 8, ana kuma son ya samu aƙalla 5 daga ciki kowace rana. Kunun hatsi zalla gida ɗaya ne. Ganye mai duhun kore, kabewa da karas suna kawo bitamin A, wanda ke kare ido da ƙarfafa jiki a kan cuta. Wake da gyaɗa suna gina jiki. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a miyar, domin bitamin A sai da maiƙo jiki ke karɓarsa sosai. Garkar gida ɗaya ce daga cikin katangun da ke tsakanin yaranmu da tamowa.

To ga bambancin garka da gona. Manomin da ya fesa magani a babbar gona yana jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya girbe. Ke kuwa kullum kike tsinka, da safe a yi miya, da rana a yi kwaɗo, yaro mai rarrafe yana wasa a gindin shukar yana kai ƙasa baki. Babu ranar jira. Piya-piya guba ce mai ƙarfi da ke shiga ta baki, ta fata da ta numfashi, kuma jikin yaro ƙarami ne, kaɗan ya ishe shi. Da yawa daga magungunan da ake kasawa a kasuwanninmu ba su da izinin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance maganin ƙwari, wasu an juye su cikin kwalbar lemo babu suna babu awo. Shawarata ba ta da kwana-kwana: kada ko ɗaya ya shiga garkar da ake ci daga gare ta kullum. Haka maganin sauro na fesawa, da ruwan taba da wasu ke jiƙawa. Taba ma guba ce.

Me za a yi ke nan? Maganin farko ido ne. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi, ki duƙa ki juya ganye ki dubi bayansa, domin a nan ƙwaro ke ɓuya yana zuba ƙwai. Garkar da ba ta wuce tabarma biyu ko uku ba, hannu yana iya mata. Tsutsa da fara a tsince a watsa wa kaji. Ganyen da ya naɗe yana danƙo, ga tururuwa na hawa da sauka, ƙananan ƙwari masu tsotso ne suka taru, waɗanda ake kira darɓa. A murje su da yatsa ko a cire ganyen a binne. Wannan aiki ne da yara manya za su iya koya, kuma na lura sun fi mu gani.

Tsutsar zogala ita ce ta fi ba mutanenmu haushi, daga garake na gulbin Maraɗi har zuwa bakin kogi a Yamai. Ƙarama ce, tana saƙa zare kamar na gizo-gizo tana haɗe ganye, ta cinye koren ta bar shi kamar raga. Idan ta yi yawa, kada ki tsaya jayayya da ita. Ki sare rassan ƙasa-ƙasa, ki kwashe abin da kika sare ki ƙone ko ki binne nesa, ki ci gaba da ban ruwa. Zogala ba ta mutuwa don sara, sabon toho take fitarwa, sau da yawa fiye da na da. Sabon tohon nan shi za ki tsare da ruwan bedi.

Bedi, wato dogon yaro, yana ko'ina a garuruwanmu, muna zama inuwarsa muna share ƴaƴansa muna zubarwa. Ku tsinci nunannu idan suna zubowa, a cire naman, a wanke, a shanya a inuwa har su bushe, a ajiye cikin buhun da iska ke shiga. Wanda ya yi fumfuna a zubar. Ranar aiki a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, wato rabin bido mai lita 20, a bari ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle, a narkar da ɗan guntun farin sabulu a ciki don ya kama ganye. Wadda ba ta da abin feshi ta tsoma tsintsiya ta yayyafa, ko ta huda murfin gora. Ku je wurin mai shago sau ɗaya ya auna muku rabin kilo a sikeli, ku ga gwangwanin da ya cika, shi ke nan kun samu mudunku.

Da marece ake yayyafawa, sama da ƙasan ganye, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma abin da aka tace a ranar ake amfani da shi. A maimaita bayan kwana 7. Ga inda mutane ke karaya: bedi ba ya kashewa nan take. Hana ƙwaro ci yake yi, ya hana tsutsa girma. Za ki dawo da safe ki gan ta tana motsi ki ce aikin banza, alhali ta daina ci; ki ba shi kwana 2 ko 3. Shi ma a yi hattara da shi: kada a daka a turmin abinci, kada a bar ruwan inda yaro zai sha, a tsinki ganyen miya kafin a yayyafa, a dakata kwana 2 ko 3, a kuma wanke da ruwa mai tsabta kafin dahuwa.

Toka mai sanyi da aka barbaɗa kaɗan a kan ganye da safe tana rage ƙananan ƙwari. Kada a maimaita tumatir, tattasai ko yalo wuri ɗaya shekara bayan shekara, a sauya da albasa ko wake. Taki ya ruɓe sosai kafin a zuba, ɗanye yana ƙona saiwa yana jawo gara. Akuya da kaji kuwa babu ruwan bedin da ke korarsu, sai darni mai kyau.

Ba kowane mai motsi a garka ne maƙiyi ba. Zanzaron da ke gina ɗakin laka a bango tsutsa yake kamawa ya kai wa ƴaƴansa. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, kwaɗo da ƙadangare duk ƙwari suke ci. Guba ba ta tantancewa, tana kashe su tare, sai tsutsa ta dawo ta tarar babu mai tsaronta.

Ku masu faɗakarwa, ga naku. Idan kun shiga gida auna hannun yaro, ku nemi a nuna muku garka, ku kuma tambaya cikin ladabi inda ake ajiye maganin gona. Ya kasance can sama, a kulle, nesa da hatsi da randa, cikin kwalbarsa ta asali. Kwalbar da ta ƙare ba a zuba mata mai ko ruwa. Ku san alamun guba: yawu na dalala, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi da ƙyar, jijjiga. Idan kun ga haka a tuɓe wa yaro tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya gidan likita da kwalbar a hannu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai ko manja, kome wanda ya ce a yi. Idan kuma ƙwari sun fi ƙarfin abin da na faɗa, ku kira malamin gona ya zo ya gani da idonsa kafin kowa ya sayi wani abu.

A taro mai zuwa kowace ta zo da ƴaƴan bedin da ta tara, da ganye ɗaya da ƙwaro ya ci daga garkarta. Za mu daka mu jiƙa tare, mu kuma duba ganyayen ɗaya bayan ɗaya. Yanzu wadda ke da tambaya, bismillah.