Ajiyar da Za Ta Kai Mu Tsufa

(Jawabi ga wakilan ƙungiyoyin adashi na Gusau, Tsafe da Bungudu)

  An ce in yi magana a kan ajiya mai dogon zango, wato abin da mutum zai tara a hankali cikin shekara 10 ko 20, domin karatun yara da ranar da ƙarfi ya ƙare.

Shawarata ita ce kada mu tara dukiyarmu duka a wuri ɗaya, domin kowane wuri da irin masifarsa. Iyayenmu shanu ne bankinsu, amma mun san gidaje a ƙauyukan Tsafe da Bungudu da ɓarayin daji suka kore musu garke a dare ɗaya. Wanda ya ɓoye kuɗi a ɗaki kuwa, tsada ce take cinye su: a shekarar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Ga kuma wahalar canjin kuɗi a farkon 2023. Hannun jari ma haka ne. Bayan haɗewar bankuna a 2005 jama'a da yawa sun sayi hannun jarin banki, wasu har da bashi, sai kasuwar ta faɗi a 2008.

To, yaya za mu yi? Mu raba abin da Allah ya hore mana kashi huɗu.

Na farko, kuɗin ko-ta-kwana, wanda zai riƙe gida wata uku idan ciwo ko gudun hijira ya taso. A sa shi a banki mai lasisi. Tun 2024 hukumar NDIC tana lamunce wa mai ajiya har Naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe.

Na biyu, abin da muka iya: tumaki da awaki, ko wake da gero a saya da kaka. A zuba wake a buhun PICS domin ƙwari, a ajiye inda yake da tsaro. Amma mu tuna hatsi ma yakan faɗi, kamar yadda masu ajiyar masara suka gani a 2025.

Na uku, takardun bashin Gwamnatin Tarayya. A 2017 ofishin DMO ya fito da takardar ajiya ta ƙananan masu jari, ana farawa da Naira 5,000, na shekara biyu ko uku, ana biyan riba duk wata uku. A shekarar ce kuma aka fara Sukuk, wanda ba shi da kuɗin ruwa, ana gina hanyoyi da shi. Kowa ya zaɓi wanda hankalinsa ya kwanta da shi.

Na huɗu, fili ko hannun jari, da kuɗin da ba za ka nema ba nan da shekara biyar. Fili a tabbatar da takardunsa da shaidu, kuma a sa sunan mai shi. Uwayena mata, abin da kuka tara ya kasance da sunanku. Hannun jari kuwa sai ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC.

Gargaɗina na ƙarshe: duk wanda ya ce zai ninka muku kuɗi cikin wata guda, ku guje shi, ko da ɗan'uwa ne ya kawo shi. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta rufe a Afrilu 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan kwasar adashinka ta zo, cire ko da kashi ɗaya cikin goma kafin ka shiga kasuwa. Rubuta komai a littafi, kuma maigida da uwargida kowa ya san inda ajiyar take, domin kada marayu su rasa haƙƙinsu. Sannu ba ta hana zuwa.