Garkuwar da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ke fakewa da ita

A jikinmu akwai wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, glutathione, wanda ke kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa. Abin da ke damuna, ciwon dajin ƙwaƙwalwa mai suna glioblastoma shi ma da shi yake fakewa. In likita ya gasa ƙarin da haske, ko ya ba da maganin temozolomide, sai ƙwayoyin ƙarin su yi garkuwa da glutathione. Shi ya sa masu bincike ke neman hanyar rage shi a cikin ƙarin.

Mai jinya, kada ka sha maganin da ake kira NAC ba da sanin likita ba, domin da shi jiki ke haɗa glutathione. A 2014, a Suwidin, an ga NAC ya hanzarta ciwon dajin huhu a jikin ɓeraye.