Jawabin malamin lakkol: tsarabar da ke cin fata

Ƴan'uwa da kuka sauko daga Abijan, Kwatano da Legas, barkanku da zuwa.

Kowace shekara bayan salla, mu malamai mukan ga ƴan mata sun zo lakkol kunnuwansu sun kumbura, suna ƙaiƙayi, suna ruwa. Wasu a wuya ne, wasu a wuyan hannu. Sai a ce ƙazuwa ce, a ware yarinya. Wani ya ce sammu ne. In muka duba, ciwon ya tsaya daidai inda ɗan kunne, ko sarƙa, ko warwaro ya taɓa fata.

Abin da ke kawo shi wani farin ƙarfe ne, sunansa nikel. Ana gauraya shi da wasu ƙarafa, ko a shafa shi bisa baƙin ƙarfe don ya yi walƙiya, ya hana tsatsa. Yana cikin kayan ado masu araha, da bayan agogo, da kan ɗamarar wando, da maɓalli. Zufa ce ke narka shi kaɗan-kaɗan ya shiga fata, shi ya sa abin ya fi tsanani da bazara. Ƙurajen sukan fito bayan kwana 1 zuwa 3. Ba a ɗaukarsa daga wani. Amma in jiki ya ƙi nikel sau ɗaya, yakan ƙi shi har tsufa. Babbar ƙofarsa ita ce sabuwar hudar kunne. Don haka ne ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa doka a 1994, suka ƙayyade nikel ɗin da ke fita daga kayan da ke taɓa fata.

Ga roƙonmu. Jaririyar da aka huda wa kunne, a bar mata zare mai tsabta, yadda kakanninmu suka yi, har hudar ta warke. Mai hali ya sayi azurfa ko zinariya ta gaske. Marar hali ya sayi murjani, ko na roba. Ruwan zinariyar da aka shafa gogewa yake yi. Maɓallin wando, a ɗinka masa ƙyalle ta ciki. Wanda ƙuraje suka fito wa ya cire abin nan take, ya wanke wurin. In ya fara mugunya, a tafi gidan likita, kada a shafa toka.

Ƴan'uwa, gumin ci-rani kuka kashe don ku faranta wa iyali. Ku duba abin da kuke saye. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu baɗi.