CIWON BAYAN IDO

Yau za mu yi magana a kan wani ciwon ido wanda ba a ganinsa daga waje.

Can cikin ƙwayar ido, ta baya, akwai wani tantani marar kauri wanda likitoci ke kira ratina. Shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa, sa'an nan mutum ya gani. Wannan tantani ya kan kumbura. Babban abin da ke kawo haka wata ƙwayar cuta ce, toksofilasma, wadda a kan ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. Mai ciki tana iya sa wa ɗanta tun yana ciki. Tunjere da tarin fuka su ma suna kawo shi, haka nan ƙanjamau idan ta ci ƙarfin jiki.

Sau da yawa idon ba ya ja, ba ya zafi. Sai dai mutum ya riƙa ganin hazo-hazo, ko baƙaƙen ɗigo suna yawo kamar ƙudaje.

To, ga inda hatsarin ya ke. Duk wurin da kumburin ya ci, tabo ya ke bari, tabo kuwa ba ya gani har abada. In ya faɗa tsakiyar tantanin, karatu da gane fuskar mutane sai su gagara. Kwalli ba ya kaiwa can, tabarau ba ya gyarawa.

Saboda haka wanda ya ga waɗannan alamu kada ya jira, ya nufi asibitin ido, tun magani yana da amfani. A dafa nama ya dahu sosai. A wanke hannu kafin cin abinci. Masu ciki su bar wa wasu kwashe kashin kyanwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.